Kafin Marka Ta Kankama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirya Gida a Damagaram

Da zarar zafin bazara ya kai maƙura, aka fara hango hadari yana haɗowa ta gabas, hirar majalisa a Damagaram takan koma kan wanda ya gyara soronsa da wanda bai gyara ba, da kuma inda ruwan unguwa zai bi bana. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa, daga masu gidan ƙasa a Birni da Zango har masu gidan bulo a sababbin unguwanni.

Garin da kullum ake kukan ƙarancin ruwa, ta yaya kuma ruwa ke rushe masa gidaje?

Ruwan da Damagaram ke samu ba shi da yawa, milimita 400 da ɗoriya ne a matsakaiciyar shekara. Matsalar ita ce ba a rarrabe yake zuwa ba. Mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka, wani lokaci kuma abin da ya isa makonni ya zubo cikin dare ɗaya. Ga shi garin a kan dutse yake zaune. Duk wanda ya ga manyan duwatsun da ke tsakanin gidajen Birni ya san haka. Dutsen nan shi ya sa rijiya ke wuya a cikin gari har ake janyo ruwan famfo daga nesa, kuma shi ke hana ruwan sama nutsewa. Ruwan da bai nutse ba kuwa gudu zai yi ya nemi kwari. A da, tafkuna da kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini su ke karɓarsa. Yau da yawansu an cike su da shara, an yanka filaye, an yi gini a kai. Shi ruwa babu ruwansa da takardar fili, hanyarsa ta da zai bi.

Daminar 2024 ta nuna haka ƙarara. Alƙaluman hukuma sun ce kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Fiye da rabin waɗanda suka rasu ba nutsewa suka yi ba, gini ne ya faɗa musu. A nan gida kuma, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube, bayan ya ga damina sama da 150. Mai cewa "ɗakin nan tun zamanin kakana yake tsaye" sai ya tuna da wannan.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Afrilu zuwa Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya: yaɓe yana son rana ya bushe, magina kuma suna yin wuyar samu da zarar an yi ruwan farko kowa ya farga. Na san abin da za a ce, a daidai lokacin ne ruwan kwaɓa ya fi tsada a hannun ƴan garuwa. Gaskiya ne. Wanda bai samu hali ba, ya tara ƙasarsa da harawarsa ya ajiye, ya tari ruwan farko a duro. Tsakanin ruwan farko da na biyu akan samu ƴan kwanaki na rana, a nan zai yi aikinsa.

Ruwan farko yana da wani amfanin kuma. Idan ya tsagaita, babu tsawa, ka zagaya gidanka ciki da waje ka ga inda ruwa ya tsaya, inda ya bi, inda bango ya jiƙe fiye da sauran. Abin da ka gani a ranar shi ne jerin aikinka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai suna fitar da hasashen damina kafin ta faɗi, gidajen rediyo kuma suna karanta shi da Hausa. A riƙa saurare.

Soron ƙasa ne da ni, kowace shekara ina ƙara masa ƙasa amma yana yoyo. Mene ne laifin?

Laifin yana iya zama ƙarin ƙasar da kanta. A yi lissafi. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, rufinsa murabba'in mita 20 ne. In ka shimfiɗa masa ƙasa mai kaurin santimita 5 kawai, ka ɗora wa azara nauyin da ya haura tan ɗaya da rabi, tun kafin ta sha ruwa. Ka yi haka shekara biyar a jere ba ka kankare tsohuwar ba. Azarar tana nan yadda take, ko ma gara ta ci cikinta ta bar maka ɓawo. Sai ta lanƙwasa, tsakiyar soron ya yi kwari, ruwa ya kwanta a wurin, ya fara ɗiga, kai kuma ka sake ƙara ƙasa. Haka ake yi har ranar da rufin zai sauko gaba ɗaya.

Aikin da ya dace shi ne a kankare tsohuwar ƙasar da ta ruɓe, a tuge ciyawar da ta tsiro da saiwarta, a cike tsaga, sannan a yi sabon daɓe marar kauri mai gangara zuwa bakin indararo. Gangarar ita ce gaba da komai. Soron da ruwa ke barinsa cikin mintuna kaɗan ba ya yoyo ko da ƙasarsa ba ta da kauri. Wanda ruwa ke kwana a kansa zai yi yoyo ko me aka zuba masa.

Daga cikin ɗaki kuma a bi azara ɗaya bayan ɗaya, a ƙwanƙwasa ta da ƙarfe. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta cinye tana ƙara irin ta abin da babu komai a cikinsa. A fi duba bakinta inda ta shiga bango, don nan ne danshi ke ruɓar da ita ba a gani. Wadda ta lalace a canja ta. In babu hali bana, a kafa mata gwafa mai ƙarfi a kan faffaɗan dutse ko katako, amma a sani cewa wannan jinkiri ne kawai, kuma irin wannan ɗaki na ajiyar kaya ne, ba na kwanan yara ba.

Masu shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe ba su yi kuskure ba, in ledar mai kauri ce kuma ta bi gangara har bakin indararo. In ta huje a tsakiya kuwa, ruwan da ya shiga ƙarƙashinta ba ya samun hanyar bushewa, sai ya zauna yana cin azara.

Indararo nawa ya isa?

Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Wancan ɗaki mai murabba'in mita 20, in aka yi ruwa na milimita 50, lita 1,000 ce za ta sauka a kansa, wato duro biyar na lita 200. Ka tambayi kanka ko ɗan indararon nan guda, mai bakin da bai wuce kwalba ba, zai fitar da wannan kafin ya taru. Yawanci gara biyu. Ya zama mai faɗi, mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma liƙe gefensa da kyau inda ya ratsa rawani, don a nan ne ruwa ke sulalewa ya bi cikin bango. Inda ruwan ke faɗowa a ƙasa a sa dutse ko fasassun bulo, ko a ajiye duro. Bayan kowace iska mai ƙarfi a hau a duba, leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta isa ta toshe shi.

Zan shafe katangar ƙasa da siminti in huta. Shawara ce mai kyau?

A ganina, a'a, sai in an yi shi da sani. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Ƙasa tana kumbura in ta sha danshi, ta tsuke in ta bushe. Siminti ba ya motsi tare da ita, sai ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, simintin ya hana shi fita, bangon yana narkewa daga ciki alhali daga waje yana ƙyalli. Bangon da aka yi wa yaɓen ƙasa in ya fara lalacewa kana gani, ka gyara. Maginan zamanin da suna da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma dukansu suna korar ruwa ba tare da sun toshe numfashin bango ba. In akwai dattijon magini a unguwarku da ya san haɗin, a neme shi.

Wurare biyu ne suka fi bukatar kuɗinka. Na farko gindin bango. Bangon ƙasa ba kasafai ruwan da ke dukansa daga sama ke kayar da shi ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne ke jiƙa tubalin ƙasa har ya kasa ɗaukar na sama. A yi masa dakali mai gangara zuwa waje, da dutse ko bulo, a nan siminti yana da amfani. Na biyu bangon gabas. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, iska na koro ruwan a karkace, shi ya sa za ka ga bangon gabas ya zaizaye na yamma yana nan lafiya. In yaɓen bango ɗaya kawai za ka iya bana, yi na gabas.

Ni rufin kwano ne da ni, ginin bulo. Ai ba ni da matsala?

Matsalarka iska ce, wadda ke zuwa da jan ƙura kafin ɗigon farko. Iska ba danna kwano take yi ba, ɗaga shi take yi, kuma daga gefe da kusurwa take farawa. Ƙusa ɗaya ta saki a kusurwa, iska ta samu shiga, sauran su bi. A hau a duba kowace ƙusa, a maye waɗanda suka yi tsatsa da ƙusa mai hula, a ƙara yawansu a gefuna. Sannan a duba abin da mutane ke mantawa: katakon da kwanon ke kai, da me aka ɗaure shi a jikin gini? Sau da yawa rufi yakan tashi ɗungurungum da katakonsa saboda ɗora shi kawai aka yi. A ɗaure shi da ƙarfe ko waya mai kauri da ta shiga cikin ginin.

Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan kwano ba ɗauri ba ne. Ranar da iska ta fi ƙarfinsu, a tsakar gida za su sauko, ko a gidan maƙwabci. Haka farantin sola, da farantin talabijin, da rumfar kwano ta ƙofar gida. Idan an ga hadari ya taso a rufe ƙofofi da tagogi, musamman na gabas, don iskar da ta shiga ɗaki tana tura rufin daga ƙasa. Rassan dogon yaro da suka rufa a kan ɗaki ko suka kusanci wayar lantarki a sare su tun bazara. Ba a ce a kayar da itacen ba, a garin da inuwa ke da daraja irin haka.

Titi ya fi tsakar gidana tudu, ruwa ta zaure yake shigowa. Ya zan yi?

Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni, inda aka yi ta zuba ƙasa a lungu shekara da shekaru gidajen suna nan inda suke. A ɗaga dokin ƙofar zaure da layi ɗaya ko biyu na bulo, a yi haka ma a ƙofar kowane ɗaki. Buhunan yashi suna taimakawa in an jera su daidai: kar a cika buhu ya yi tam, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, a kwantar da su a tattake, layin sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa yadda ake jera tubali. In an shimfiɗa leda mai kauri ta ɓangaren da ruwan ke zuwa, ya fi.

Amma ka tare na waje, ina na ciki zai bi? Ruwan da ya sauka a tsakar gidanka da wanda indararo ya zubo yana bukatar mafita. A share rariya, a tabbata bakinta na waje bai nutse a ƙarƙashin ƙasar titi ba. In titin ya riga ya fi ta tudu, a haƙa rami a can nesa da ɗakuna da masai, a cika shi da tsakuwa, a karkata tsakar gida zuwa gare shi, a tanadi bokitan kwalfewa.

Sai maganar maƙwabta. Duk ruwan da ka tare, wani ka tura wa. Kafin ka tara ƙasa a ƙofar gidanka, ka je ka ce, "Alhaji, ga abin da nake son yi, ta ina kake ganin ruwan zai bi?" Rigingimun damina da ke kaiwa gaban mai unguwa yawancinsu daga nan suke farawa, ko daga indararon da ke zuba a gindin katangar wani.

Gwalalon unguwarmu ya cika da yashi da leda. Ba aikin ma'aikatar magajin gari ba ne?

Manyan magudanai nata ne, a kai mata kuka ta hannun mai unguwa tun da wuri. Na lungu kuwa in kun jira, gidajenku ne za su sha. A yi gayya kafin Yuni. Abu ɗaya da ke ɓata irin wannan aiki shi ne a kwashe yashin a tara shi a bakin gwalalon. Ruwan farko zai mayar da shi inda aka ciro shi. A nemi amalanke a kai shi nesa, ko a cika buhunan tare ruwa da shi. Masu fitowa da kwandon shara su juye a cikin ruwa da zarar ya fara gudu, wai ya tafi da ita, su sani ba nisa take yi ba. A kwanar farko take tsayawa.

Ta yaya zan gane ɗaki na shirin faɗuwa?

Tsagar da ke ƙara buɗewa, musamman a kusurwa inda bango biyu ke rabuwa. Bango ya yi ciki ko ya karkata. Gindinsa ya yi laushi har yatsa na shiga. Ƙofar da jiya take rufuwa lafiya yau ta ƙi. Ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara tana ƙara. Don gane ko tsaga na tafiya, a liƙa ɗan yaɓe siriri a kanta, ko a ja layi da gawayi a ƙarshenta. In gobe yaɓen ya tsage ko ta wuce layin, tana da rai.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan ana tsakiyar marka, a fita, a fitar da yara tukuna, kaya daga baya in hali ya yi. Kuma a riƙe wannan: ɗakin ƙasa yakan faɗi ne bayan ruwa ya ɗauke, cikin dare ko washegari, lokacin da bangon ya gama shan ruwa mutane kuma sun saki jiki sun kwanta. Ruwa marar ƙarfi da ya kwana biyu yana zuba ya fi ruwan sa'a ɗaya mai ƙarfi haɗari ga ginin ƙasa. Kar a kwanta a gindin katanga a tsakar gida, kar a ɗaure dabba a nan. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Mahaifinmu ya ƙi barin ɗakinsa, ya ce in kwana ya ƙare ko'ina mutum yake sai ya tafi. Me za mu ce masa?

Kar a yi masa gardama a gaban jama'a, kuma kar a ce masa ɗakinsa ya tsufa. A ce, "Baba, ka taimake mu ka kwana a ɗakin nan na gaba zuwa ruwa ya ɗauke, hankalinmu ba zai kwanta ba." In jikoki na kwana wurinsa, a fara janye su. In ya ƙi, a nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko abokinsa na majalisa.

Maganarsa ta ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana ɗaukar mataki. Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Da ruwa ya yi yawa a Madina har aka kawo kukan rushewar gidaje, addu'a ya yi a kai ruwan kewaye da su ba a kansu ba. An kuma yi wa mutane izinin yin salla a gidajensu a daren ruwa. Liman zai fi ku iya faɗa masa wannan.

Wutar lantarki fa?

Kowa a gidan da ya mallaki hankali ya san inda babban makunnin mita yake. In ruwa ya fara shiga ɗaki a kashe tun ƙafa tana busasshiya. In ruwan ya riga ya kai wurin, kar a taɓa. A ɗaga wayoyin da ke kwance a ƙasa da mahaɗar caji. Wayar da ta faɗo a titi a ɗauka tana da wuta ko da unguwa na cikin duhu, a nisance ta da ruwan da take ciki, a tsaya daga nesa ana gargaɗin masu wucewa, a sanar da kamfanin wutar lantarki NIGELEC. Wanda wuta ta kama ba a janyo shi da hannu, a kashe wutar tukuna. Janareta kuma ba a shigar da shi ɗaki ko zaure don gudun ruwa, haka murhun gawayi a ɗaki rufaffe. Hayaƙinsu marar wari ne ke kashe mutane cikin barci.

Gaskiya ne wayar salula na janyo tsawa? Kuma wai ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa sai an zuba masa madara?

Wayar hannu ba ta janyo tsawa. Haɗarin yana ga wadda ke jone da caji, don aradu na iya bin wayar lantarki ta shigo gida. A cire ta, a cire talabijin da firiji. Abin gudu shi ne fakewa a gindin itace da ke tsaye shi kaɗai, hawa soro don buɗe indararo ana walƙiya, tsayuwa a fili, da hawan duwatsu da yara ke yi. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka in ka ga walƙiya ka ji ƙara kafin ka ƙirga goma, a kusa take ƙwarai. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a hau soro.

Maganar madara kuwa ba ta da tushe, kuma tana iya jawo asarar rai. Jikin wanda aradu ta buga ba ya riƙe wuta. A taɓa shi nan take, in ba ya numfashi wanda ya iya danna ƙirji ya fara, a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Me zan tanada, me zan ɗaga?

Takardun fili da na haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardun makarantar yara da na asibiti, a ɗaure su cikin leda biyu a sa a jaka ɗaya da kowa ya san inda take rataye, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Cikin jakar a sa tocila, maganin da wani ke sha kullum, da ɗan kuɗi. Buhunan gero da wake a ɗora su a kan bulo da katako, a bar tazara tsakaninsu da bango. A ajiye busasshen itace ko gawayi na kwana biyu a inda ruwa ba ya kaiwa. Uwargida ta fi kowa sanin abin da rashinsa ke jawowa da safe. Turken awaki da tumaki a mayar da shi tudu, da ɗaurin da za a iya kwancewa cikin duhu. Ku kuma yanke tun yanzu gidan ɗan'uwan da za ku nufa in ta ɓaci, da hanyar da za ku bi wadda ba ta ratsa kwari.

Masai da ruwan sha?

Masan da ya kusa cika a kwashe shi kafin damina, a ɗaga bakinsa, a yi masa murfi. In ya tumbatsa ya haɗu da ruwan tsakar gida, nan ne gudawa da kwalara ke samun ƙofa. A duba daɓensa ma, don ramin da ya sha ruwa yana iya ruftawa da mutum. Ruwan da ake shakka a tafasa shi, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta a jira minti 30. Randa da jarka a rufe. Ruwan indararo na farko ba na sha ba ne, wankin soro ne. Yaron da ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kuma kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Sauro kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu yake ƙyanƙyashewa ya tashi a ruwan da ya kwanta. A kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, a ɗaura gidan sauro, kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 sun zo, a karɓa a kammala na kwana ukun kowane wata.

Gidan haya nake, mai gidan ya ce in gyara da kuɗina.

Azara, rufi da bango na mai gida ne. Share rariya da indararo naka ne. In kai za ka yi babban gyara, ku yi magana a gaban shaidu cewa za a cire daga kuɗin haya, a rubuta. In ɗakin ya nuna alamun da aka ambata a sama shi kuma yana ta "sai bayan damina", nemi wani wurin.

Ruwa ya tare ni a hanya. In ratsa?

Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma ya ɗaga ƙaramar mota, balle kabu-kabu. Ba ka ganin abin da ke ƙasa, ko buɗaɗɗen gwalalo ne ko hanyar ta zaizaye. Ruwan korama a ƙasar nan yakan janye cikin ƴan sa'o'i, a jira. Yara kuma a ja musu kunne a kan wanka a tafki da kududdufi: ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasa gefensa a tsaye yake, taki ɗaya ne tsakanin ruwan gwiwa da wanda ya shanye mutum.

Ruwa ya shiga gida ya janye. Yaushe za mu koma, kuma ta ina za mu fara?

Ba a ranar ba, in ginin ƙasa ne. A bar bango ya sha iska, a sa magini ya duba gindinsa da azara kafin kowa ya kwana. A shiga da takalmi da sanda, don macizai da kunamu ma tudu suka nema, sukan kuma ɓuya a cikin tabarmi da tarin kaya. Kar a kunna wuta sai mai gyaran lantarki ya duba. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, hatsin da ya jiƙe da ruwan sama kawai a shanya shi da wuri, wanda ya yi fumfuna kuma kar a ci. A ɗauki hoton ɓarnar, a kai suna wurin mai unguwa, don ta nan ake bi in an zo ƙidayar waɗanda abin ya shafa.

Wanda ɗakinsa ya faɗi kada ya yi gaggawar tayar da shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin marka. Ya yi rumfa ko ya raɓa da ƴan'uwa zuwa kaka. In ya zo sake gini, ya duba alamar da ruwa ya bari a jikin bangon da ya tsira, ya tayar da harsashi da dutse ko bulo har ya wuce wannan alama da aƙalla taƙi ɗaya, sannan ya ɗora tubalinsa. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi bakin rariya.